Karen pudul a Katsina, wa ya taɓa riƙewa?

Maman Amir: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abokin maigidana ne a Abuja zai ba shi ɗan kwikwiyo, wai pudul, mai gashin nan a nannaɗe. Bayan gidanmu a Barhim fili ne, so yake a samu mai haushi da dare. Don Allah wanda ya san irinsa ya ba mu shawara, zai jure zafinmu kuwa?

Baban Sadiq: Wa'alaikumussalam. In gadi kuke so ku nemi na gida wajen mafarauta kawai Hajiya.

Ɗan Daura: Wane ne daga ciki? Don girma huɗu gare su, babban tsayinsa santimita 45 zuwa 60, ɗan mitsitsin ko 28 bai wuce ba. Shi wannan ɓarawo sai ya sa shi a buhu ya haɗa da kaya.

Maman Amir: Babban ne aka ce

Baban Ummi: Toh ƙanwata bari in gaya miki abin da na gani da idona, don na riƙe babban a gidana na Ƙofar Ƙaura. Wanda ya saida mini ya ce ai ba ya zubar da gashi, gaskiya ya faɗa, amma bai gaya mini gashin tsiro yake ta yi ba tsayawa ba, wanda ya tsinke kuma ba ya faɗowa ƙasa, cikin sauran yake maƙalewa ya dunƙule. In ba a taje shi kusan kullum ba, a yi mishi aski duk sati 4 zuwa 6, wlh sai ya cure har fata. Ga ƙarangiya. Bayan damina fita ɗaya zai yi ya dawo ƙafafu da ciki duk ita ce, yana ɗingishi yana kuka, yara su kwana cira, kaska kuma ta samu maɓoya ba ka ganinta sai ta ƙoshi. Da hunturu ƙura ta shige gashin. Kunnensa a rufe yake ga gashi a ciki, nawa ya yi ciwon kunne har wari yake, na yi ta neman mai aske shi a garin nan, duk wanda na tunkara sai ya ce shi ba ya taɓa kare. Wayo kam ban taɓa ganin irinsa ba, abu kaɗan za ka nuna mishi ya riƙe, har ƙofa yake buɗewa, amma ba ya son kaɗaici ko kaɗan, ranar da aka ɗaure shi a bayan gida ya wuni yana haushi yana tona ƙasa ya ƙi abinci. A ƙarshe wani a Kaduna na ba, har yau raina na sosuwa in na tuna.

Anti Bilki: Allah sarki

Ɗan Daura: Wayon nasu sananne ne, a littafin masanin halayyar karnuka Stanley Coren na 1994 su ne na biyu a kaifin basira bayan karen kiwon tumaki Border Collie. Karen Faransa ne ai, kwalliya suka sani.

Malam Sani: Ba kwalliya ba ce asali. Daga Jamus ya fito, karen farauta ne da ke faɗawa ruwa ya ɗauko agwagwar da aka harbo. Askin kwalliyar nan ma da ake musu mutane ke dariya, ana rage gashin ne don ya ji sauƙin iyo, a bar na ƙirji da gaɓɓai saboda sanyin ruwa.

Ɗan Daura: Malam je ka gaya wa Faransawa haka, su dai nasu suka ɗauke shi

Kawu Lawal: Ni tambayata, ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, kun manta hadisin raguwar lada kullum?

Baban Sadiq: Kawu ai gadi ta ce, kuma malamai da yawa sun haɗa tsaron gida a ciki

Kawu Lawal: Gadi daban, kare a kan kujerar falo daban.

Dakta: Kawu a bar wannan wa malamai. Hajiya in dai za ku karɓa, ku fara neman katin allurarsa, ta parvo, cutar amai da gudawa mai kashe 'yan kwikwiyo, tun yana sati 6 zuwa 8 ake farawa, ta ciwon hauka a wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. A watan Afrilu da Mayu yawo sai da asuba ko bayan magariba, inuwa da ruwa kada su yanke. A rage gashin amma kar a kwashe tas, rana na ƙona fatar. Babban kuma a raba mishi abinci biyu, kar ya yi gudu da ya ci, cikinsu na kumbura ya murɗe, yana kisa cikin awoyi. Zai yi haushi in ya ji baƙo, faɗa dai ba halinsa ba ne.

Anti Bilki: Dakta ita allurar haukan har kyanwa ana yi wa? Tawa na yawan fita

Dakta: Ana yi Anti, ki kawo ta.

Baban Sadiq: Ni ma akuyoyina kaska ta dame su, wane magani ne bai da tsada yanzu?