Neman shawara: in zuba jari a man shafawa na ciwon gaɓɓai?

Alhaji Sani, Jega:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wakilin wani kamfani ya kawo mini tayin zuba naira miliyan 4 a wani man shafawa na amosanin gaɓɓai da ake tallata wa dattawa. Zaɓi biyu ya ba ni: ko in karɓi kaya in zama dillalinsu a Jega, Aliero da Birnin Kebbi, ko in ba su kuɗin su juya, su riƙa ba ni kashi 10 cikin 100 duk wata. Takardar tallarsu ta ce yana raba mutum da ciwon gwiwa, ƙugu da baya har abada. Ni shinkafa na sani, ban san harkar magani ba. Me zan duba kafin in saki kuɗi?

Hajiya Hauwa, masaniyar haɗa magunguna, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ku fara juya kwalin ku karanta abin da ke ciki. Idan menthol ne da methyl salicylate, ɗan'uwan Robb da Aboniki ne, ɗumi da sanyinsa ke ɗauke hankali daga ciwon na ɗan lokaci. Idan diclofenac ne na kashi 1 cikin 100, wannan yana rage kumburi da zafi da gaske, har Amurka ta amince a sayar da shi ba da takardar likita ba a 2020. Amma a gwiwa da yatsu da wuyan hannu yake aiki, inda gaɓa ke kusa da fata. Ƙugu yana can ƙarƙashin tsoka mai kauri, mai ba ya isa wurin. Kuma babu man da ke mayar da guringuntsin da ya goge, don haka maganar "har abada" ƙarya ce.

Ga lissafin da wakilai ba sa so a yi. Ƙa'idar shafa diclofenac a gwiwa ɗaya giram 4 ne, sau huɗu a rana, wato giram 16. Gwiwa biyu giram 32, iyakar abin da aka yarda a shafa a jiki duka a yini ke nan. Ashe bututu mai giram 30 ba zai kai kwana biyu a gwiwa ɗaya ba. Dattijon da ya gama aiki a fadama zai lakato ɗan kaɗan a kan yatsa ya shafa da dare don ya kai shi wata, bai ga sauƙi ba wajen ruku'u da sujada, sai ya shaida wa 'yan majalisarsu cewa maganin banza ne. A nan ciniki ke mutuwa. Ku ɗauki farashin bututu ɗaya ku ninka sau goma sha shida (na gwiwa ɗaya ke nan), ku tambayi kanku tsofaffi nawa ne a Jega za su iya wannan duk wata.

Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini), da mai asma da aspirin ke tayar masa, duk sai sun ga likita tukuna. Ba a shafa shi kan rauni, ba a gasa wurin da ruwan zafi bayan shafawa, ba a haɗa shi da ƙwayar ibuprofen ko diclofenac ba tare da izinin likita ba.

Malam Bashir, Argungu:
Ranka ya daɗe, zaɓi na biyu ku bar shi. Duk mai tara kuɗin jama'a da sunan jari sai ya yi rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari, takardar rajistar kamfani ta CAC kawai ba ta wadatar. Da irin wannan alƙawari MMM ta tafi da kuɗin mutane a 2016, CBEX ma a 2025. Ta fuskar shari'a kuma, a mudaraba, wato ka ba wani jari ya juya, kason riba ake yankewa, ba kason uwar kuɗi ba. Wanda ya lamunce muku kashi 10 ko an sayar ko ba a sayar ba, ku kai maganar gaban malami kafin komai.

Usman, mai sarin magani, Birnin Kebbi:
Alhaji, lambar NAFDAC da ke jikin kwali ku saka ta a Greenbook, shafin hukumar na intanet mai jerin magungunan da ta yi wa rajista, ku ga ko sunan maganin da na kamfanin sun dace, domin ana satar lambar wani kaya a manna wa wani. Idan lambar ta ƙare da L, na gargajiya ne da aka ba izinin wucin gadi na shekara biyu, hukumar ba ta tabbatar da iƙirarin warakarsa ba. Ku nemi takardar amincewar NAFDAC da tallar ma, domin rediyo ko lasifikar kasuwa ba a yi sai da ita.

Sari kuma ba kamar na shinkafa ba ne. Sai kun yi rajistar shago da PCN, hukumar kula da harkar haɗa da sayar da magunguna, da ƙwararren mai haɗa magunguna da zai tsaya a kai. Lasisin ƙaramin kemis bai ba da damar sari ba.

Sai ajiya. Yawancin irin wannan mai ƙasa da digiri 30 ake so, mu kuwa a Maris da Afrilu muna haura 40. A shagon kwano mai yakan tsinke, ruwa ya rabu da kauri, marfi ya fara yoyo. Kada ku karɓi kayan da ya rage ƙasa da wata 18 ya lalace.

Alhaji Sani:
Allah ya saka da alheri. Idan takardu sun cika, da nawa zan gwada?

Usman:
Katan biyu ko uku, Alhaji. Ku raba wa kemis goma, ku jira wata uku ku ga nawa suka dawo neman ƙari, ban da sayen farko da talla ta jawo. Ku sa a rubuce cewa kamfani zai karɓi abin da bai fita ba wata shida kafin ranar lalacewa, kuma kuɗi asusun kamfani za su shiga, ba na wakili ba.