Zan shiga gasar zane karo na farko, me alƙalai ke dubawa?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum manyanmu. Ban daɗe da gama karatun zane ba, da fentin mai da gawayi nake aiki. Ina so in gwada gasar LIMCAF ta Enugu. Me ke sa a zubar da aikin mutum tun a zagayen farko? Kuma in an ɗauke ni, yaya zan kai zane mai faɗin mita ɗaya lafiya daga Zariya?

Malamin Kongo: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara sanin cewa a yawancin gasa irin wannan, hoton zanenka alƙalai ke fara gani a allon kwamfuta, cikin ɗaruruwan hotuna, kowanne na ɗan lokaci kaɗan. Nan ake kashe aiki mai kyau da yawa, kuma abin yana min ciwo.

Fito da zanen waje da safe, ka jingina shi a inuwa, kada rana ta sauka a kansa. Kashe filashar waya, domin fentin mai yana mayar da haske, sai fari ya cinye tsakiyar aikin. Wayar ta tsaya daidai tsakiyar zanen, fuska da fuska. In ka karkatar, gefe ɗaya zai fi ɗayan ƙanƙanta. Goge gilashin kyamarar, sannan ka yanke bango da tabarma da yatsun wanda ya riƙe maka. Kada ka tura wa kanka hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya rage masa kyau. Bi ta imel. Ka rubuta sunan aiki, kayan da aka yi shi da su, shekara, da awo a santimita, tsayi kafin faɗi.

Yaya Tudun Wada: Gaskiya Malam ya faɗa, amma ni jigo ya fi damuna. Tun 2007 ake wannan gasa, ta matasa ce da ba su haura shekara 35 ba, kuma kowace shekara da jigonta. Sai yaro ya ɗauko tsohon zane daga bayan ƙofa, ya sauya masa suna ya ce ya dace. Alƙalai suna ganewa. Haka liƙa dagin Arewa a kusurwa don a ce aikin na gida ne. Su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 sai da suka zauna suka nazarci fasahar garuruwansu kafin ta shiga aikinsu. Kai ma ga adon bango na tsofaffin soraye a cikin birni, ga aska takwas a babbar riga, je ka duba su da kyau.

Bayanin aikin ya zama gajere: me ka zana, da me, ina ya haɗu da jigon. Kuma kada ka jira ranar rufewa, intanet kan ci amana.

Baba Mai Firam: Batun ɗauka, ɗana, kada leda ta taɓa fuskar fenti. Zafin but ɗin mota yana manna ta, in aka ɓare ta taho da fentin. Takarda mai santsi tukuna, kwali gaba da baya, a ninka wani a kusurwoyi huɗu, leda a waje saboda ruwa. In naɗewa za ka yi, cire yadin daga katako, ka naɗe shi a kan bututun roba mai kauri, fentin yana kallon waje. In ya kalli ciki tsagewa zai yi. Na gawayi a fesa masa maganin riƙewa sau biyu, sama-sama, kuma a guji gilashi a doguwar tafiya. A tashar mota ta Kwangila ka tsaya har ka ga an tsayar da zanen, kada a kwantar a ɗora buhu.

Ɗan Samaru: Na gode Baba. Na fentin man sati uku da gamawa, in shafa masa banish, man nan na kare fenti?

Baba Mai Firam: A'a. Sama ya bushe, ciki da saura. Sai ya kai kamar wata 6. Juya fuskarsa bango, ka bar tazarar yatsa huɗu iska ta ratsa, ƙura ba za ta zauna masa ba.