Tallafin kuɗi ga kowa da kowa duk wata: zai yiwu a Kano?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum. Malamai, ina da tambaya. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ake ta batun ba talakawa kuɗi a hannu, har aka yi shelar naira 25,000 duk wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15. To amma akwai masana a jami'o'i da ke cewa a daina tantance talaka, a ba kowa wani abu duk wata ba tare da sharaɗi ba, daga mai shago a Kantin Kwari har ɗan dakon da ke sauke masa dila. Mece ce hujjarsu? An taɓa gwadawa? Zai yiwu a nan?

Malamin Tattali:

Wa alaikumus salam. Tsarin yana da siffofi huɗu: kuɗi ne a hannu, kan mutum ake ƙirgawa ba gida ba, ba a duba samunsa, kuma ba a ɗora masa sharaɗi. Philippe Van Parijs na Beljiyam ne fitaccen mai kare shi. Hujjar ita ce attajirin da ya karɓa zai mayar ta hanyar haraji, talaka kuwa ba zai ji tsoron kama sana'a don kada a cire sunansa ba.

An gwada, amma galibi a ƙananan wurare. Finland ta ba marasa aiki 2,000 yuro 560 duk wata a 2017 da 2018. Ba su daina neman aiki ba, sun ma ɗara takwarorinsu da kimanin kwana 6 na aiki a shekara, hankalinsu kuma ya fi kwanciya. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na ƙungiyar GiveDirectly a karkarar Kenya: a wasu ƙauyuka ana ba kowane baligi kimanin dala 22 duk wata na shekara 12, wasu na shekara 2, wasu kuma dala 500 a dunƙule. Masu dunƙulen sun fi 'yan shekara biyu buɗe sana'a, 'yan shekara 12 kuwa da yawansu adashi suka shiga don su tara jari. Wannan ba baƙon abu ba ne ga matan cikin birni.

Inda gizo ke saƙar shi ne lissafi. Mutum miliyan 200, kowa naira 10,000, tiriliyan 2 ke nan a wata, tiriliyan 24 a shekara. Kasafin tarayya na 2025 gaba ɗayansa kusan tiriliyan 55 ne. Sannan hujjar "zai mayar ta haraji" tana buƙatar ƙasar da ta san samun kowa, alhali harajin Nijeriya bai wuce kimanin kashi 11 cikin 100 na tattalin arzikinta ba a ƙididdigar 2021, kuma yawancin cinikin Kurmi da Sabon Gari ba ya cikin littafin kowa.

Malama Mai Ƙididdiga:

Malam ya yi gaskiya a lissafi, amma kada a ɗauka tantancewa ba ta da tata tsadar. Ga yadda ake haɗa rajistar talakawa ta ƙasa: a zaɓi ƙananan hukumomi mafi talauci, a tara mutanen gari rukuni-rukuni, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi wanda suke kira talaka, su jero gidaje. Daga nan ma'aikata su bi gida-gida suna rubuta irin rufin ɗaki, ruwan sha, banɗaki da yawan baki, sai kwamfuta ta ba kowane gida maki.

A ƙauye, inda kowa ya san rumbun kowa, wannan yana ɗan aiki. A Kurna ko Rijiyar Lemo fa? Gida ɗaya ɗakuna goma, kowane ɗaki da iyalinsa, wasu bana suka tare, baɗi sun tashi, mai unguwa ma bai gama sanin su ba. Makin kuma gini yake aunawa, ba tukunya ba: bazawara da marayu biyar a gidan siminti na gado sai ta faɗi, alhali rabonta da ɗora girki sau biyu a rana an daɗe. Rajista tana tsufa, domin wanda yake da rufin asiri bara, bana jinya ko gobarar kasuwa ta karya shi. Aka zo aka ce sai da lambar NIN da asusun banki, mafi talauci su ne suka fi rasa su. Ga cajin mai POS a kan 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba.

Shi ya sa nake ganin hanya ta tsakiya: a zaɓi rukunin da ba a gardamarsa, kamar masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 2, ko tsofaffi, a ba duk wanda ke ciki. Katin awo ko katin rigakafi ya isa shaida, ba sai an roƙi ɗan siyasa ba.

Ɗan Dawanau:

Hajiya, a ƙara da batun farashi. Naira 5,000 da gwamnatin tarayya ta fara ba gidajen talakawa duk wata a 2016 ta kai kimanin dala 16 a canjin gwamnati na lokacin. A 2024 da ƙyar take dala 3. Iran ta ga haka: a ƙarshen 2010 ta rage tallafin makamashi, ta koma ba kusan kowa riyal 455,000 duk wata, aka bar adadin a tsaye shekaru har hauhawar farashi ta cinye shi. Idan za a yi, a rubuta a doka cewa duk shekara za a daidaita shi da farashin abinci, a kuma tsayar da ranar biya. Kuɗin da ke zuwa yau, ya ɓace wata biyar, mai shago ba zai ba da bashin kwanon gero a kansa ba.

Kuma kuɗi a hannu ba ya gina aji. Brazil ta ɗaura shirinta na tallafin iyalai matalauta, Bolsa Família, tun 2003 a kan zuwa makaranta da rigakafi, amma sharaɗin yana da ma'ana ne inda akwai malami a aji da allura a asibiti.

Ɗan Gwammaja:

Allah ya saka da alheri. To zakka fa, ina matsayinta a nan?

Malamin Tattali:

Zakka tantancewa ce tun asali, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas, ba a ba mawadaci don kawai yana raye. Abin da ya fi kusa da tsarin kowa da kowa shi ne diwanin Sayyidina Umar, da yake yanka wa jama'a rabo daga baitulmali. A Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, sai dai yawancin masu hali da hannunsu suke rabawa, ɗan kaɗan-kaɗan ga mutane da yawa. Abin da aka gani a Kenya yana goyon bayan malaman da ke cewa a ba mutum abin da zai ishe shi jari, keken ɗinki ko injin markaɗe, ko da waɗanda za su samu a shekarar sun ragu.