Malaman Ingilishi baƙi a Maraɗi: ta yaya kuka samu abokan zama?

Sabon malami daga Kano

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena malamai. Na zo Maraɗi a farkon wannan shekarar karatu domin koyar da Ingilishi a wata makarantar kuɗi, kuma aikin kansa yana tafiya lafiya, sai dai rayuwata ta tsaya tsakanin aji, ɗaki da masallaci. Kafin in taso, mutanen gida sun kwantar mini da hankali cewa Maraɗi gida ce, Hausa ake yi, sarkin garin ma Sarkin Katsina ake kiransa. Hakan gaskiya ne, amma a ɗakin malamai da zarar hira ta yi daɗi sai ta koma Faransanci, ni kuwa in zauna ina murmushi ba tare da na san abin da ake wa dariya ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni zuwa su faɗa mini yadda suka shiga cikin mutane, domin waya da kallon bidiyo sun fara isa ta.

Malami daga Zariya, ya daɗe a unguwar Ali Ɗan Sofo

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bakano ya rasa abokin hira, lallai abin ya kai a tausaya, kodayake mu Zage-zagi mun san ku ba ku saba zama inda ba a ciniki ba. To, ga abin da na gani.

Ɗakin malamai bai ba ni abokai ba, kuma ban ga laifin kowa a ciki ba, domin yawancinsu da an tashi suke rugawa wata makarantar ko darasin gida don cike giɓin albashi. Inda na samu mutane shi ne fada, wato majalisar hira da shan shayi ta mazan unguwa. Kusan kowane layi a garin nan yana da tasa, da sunanta, da tabarmarta ko bencinta, da wanda aka sani da dafa shayi, kuma mambobi ne suke haɗa kuɗin ganyen shayi da sukari da gawayi. Ba a faɗa wa fada haka kawai, mutum ɗaya ne yake kai ka ya gabatar da kai. Ni ɗan mai gidan da nake haya ne ya kai ni tasu, wadda ta ƙunshi wani ma'aikacin lafiya, da masu shaguna a babbar kasuwa, da wani direban babbar mota. Ana dafa shayin zagaye uku, kuma wanda ya sha na farko ya miƙe kullum, ana lura da shi ko da ba a ce masa komai ba. Sai da na koyi zama har na ukun, sannan na fara kawo nawa sukarin ba tare da an tambaye ni ba, kafin a daina kirana "malamin Ingilishi" a koma kirana da sunana.

Ka zaɓi fadar da za ka zauna da kyau. Kada ka zauna inda ɗalibanka ko yayyensu na kusa suke, domin abin da ka faɗa da dare za ka tarar da shi a aji da safe. Ka nemi ta sa'o'inka masu aiki ko sana'a.

Amfanin fada ya wuce hira, saboda ta nan ne labarin suna da ɗaurin aure da rasuwa yake iske ka. Ranar da mahaifin wani ɗan fadarmu ya rasu, na bi su maƙabarta, na kuma zauna zaman makoki tare da su har aka watse. Daga wannan lokacin ne matsayina ya sauya a unguwar, har tsofaffin da a da sai dai mu gaisa daga nesa suka fara aiko yaro ya kira ni idan an yanka rago. Zumunta a ƙafa take, kuma mutanen Maraɗi suna riƙe da lissafin ƙafar da ta tako zuwa gare su.

Sai kuma batun siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, na sha zolaya a fada cewa mu ne muka jefa su cikin duhu, alhali ni ma a cikin duhun nake kwana. Wasu da wasa suke yi, wasu da zafin rai. Na riƙe bakina, na bar 'yan fadar suna kare ni da kansu, har aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024. Baƙo ba ya cin riba a gardamar gwamnatoci, ko da shi ne mai gaskiya.

Malama daga Jos

Yaya na Zariya ya yi bayani mai amfani, amma duk hanyar da ya zayyana ta maza ce. Mace ba ta zama a fada, kuma malama baƙuwa da ba ta da aure, idan ta kama gida ita kaɗai, kafin ta yi ƙawa ɗaya an riga an yi hira da ita a gidaje goma. Shi ya sa nake ba duk macen da ta zo shawarar ta nemi ɗaki a cikin gidan iyali, inda akwai uwar gida mai mutunci da za a riƙa danganta ta da ita. Hajiyar gidanmu ce ta riƙa jana zuwa biki da barka, tana cewa "ga 'yata malama", kuma wannan kalmar tata ta buɗe mini ƙofofin da takardar shaidar karatuna ba za ta taɓa buɗewa ba.

Daga nan na shiga adashin matan layinmu. Matan yankin nan sun daɗe da gogewa a harkar asusu, domin tsarin Mata Masu Dubara da ya bazu zuwa ƙasashe da yawa a Nijar aka fara shi a 1991, don haka taronsu yana da tsari, da tara ga wadda ta makara. Kuɗin da nake zubawa ba su da yawa, amma zaman ranar zubi shi ne hirar da nake jira duk mako. Sai dai ku sani shiga cikin mata yana da tsada. Abin da kika kai wa mace a bikinta ana riƙe da shi, za a mayar miki ranar naki, ke kuma ba ki da damar noƙewa idan nata ya zo, ko da wata ya yi nisa. Akwai watan da kuɗin anko da gudummawa suka cinye mini abin da na yi niyyar aikawa gida.

Ni Kirista ce, kuma coci ta ba ni wani rukunin mutane, 'yan ƙasa da 'yan Benin da Togo da Najeriya. Amma ban yarda in tsaya a nan kaɗai ba. Da azumi maƙwabta suna aiko mini da kunu da ƙosai, da Babbar Sallah nama har ya yi mini yawa, ni kuma da Kirsimeti nakan dafa shinkafa in rarraba, da naman da na saya wurin mahaucin da suka sani domin kowa ya ci da natsuwa.

Malami daga Kumasi

Ni a zangon Kumasi na tashi, don haka Hausata ta ishe ni ciniki da gaisuwa tun ranar da na sauka. Ina so in ɗan kare zama da 'yan'uwa baƙi, domin na ga kamar ana raina shi. Tun da aka buɗe jami'ar Maryam Abacha a garin nan a 2013, wadda take koyarwa da Ingilishi, ɗalibai da ma'aikata masu jin harshen sun yawaita, kuma mutum zai iya shekara yana hira da su kaɗai. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, wani malami ɗan Najeriya ne ya kwana a kaina, kuma su ne suka nuna mini yadda ake bin takardu. Illar abin ita ce ba sa daɗewa. Da an gama jarrabawa sai wannan ya koma, wancan ya samu aiki a Yamai ko Damagaram, kai kuma ka sake farawa daga farko a watan Oktoba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rarrabe mai son zama da ni da mai son darasi kyauta. Ɗan kasuwar da yake zuwa Dubai ko Sin sayen kaya, da uban da ɗansa zai zauna BEPC ko BAC, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ko babba, da matashin da yake neman aiki a ƙungiyoyin agaji, duk za su gayyace ka shayi, kuma kafin kofi na biyu an fito da littafi. Tun da kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, a ganina masu irin wannan gayyatar sun ƙaru. Ban ɗauke shi rashin mutunci ba, buƙata ce ta gaskiya, amma mutum yakan gaji idan ko'ina ya zauna aji ne. Dabarar da na yi ita ce na ware yammacin Asabar a ƙofar gidana, duk mai son jin Ingilishi ya zo mu yi hira a taru, da sharaɗin su ma su gyara mini Faransancina. Wanda ya nemi fiye da haka nakan faɗa masa kuɗin darasi ba tare da jin kunya ba. Waɗanda suka ci gaba da nemana a sauran ranaku, ba littafi a hannu, su ne abokaina yau. Da Faransancin da na tsinta a wannan zaman ne kuma na fara shiga hirar ɗakin malamai da Malam na Kano yake kuka da ita.

Gidan kallon ƙwallo ma ya taimake ni ƙwarai. A can ba wanda ya damu da fasfo ɗinka, ƙungiyar da kake goya wa baya kawai ake tambaya.

Tsohon malami ɗan Maraɗi, ya yi ritaya

'Ya'yana, na karanta bayananku, bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɓangarenmu masu masauki. Baƙin malaman Ingilishi ba sababbi ba ne a ƙasar nan. 'Yan sa-kai na Amurka sun fara zuwa tun 1962, har zuwa farkon 2011 da aka kwashe su saboda matsalar tsaro, kuma na yi aiki tare da wasunsu, da 'yan Gana, da 'yan Najeriya. Wanda muke tunawa har yau shi ne wanda ya sa hannu a ƙwarya ɗaya da mu. Wanda ya iya aikinsa amma ya rufe ƙofa, ko kamanninsa mun manta.

Ɗana na Kano, abu biyu ne suke nisanta mu da ɗan Najeriya. Na farko shi ne yawan kwatance, a ce a Kano kaza ya fi arha, a Kano titi ya fi faɗi. Mun san Kano, kakanninmu da iyayenmu can suke fatauci, ba ma buƙatar a tuna mana kullum. Na biyu shi ne kusancin gida. Daga nan zuwa Ɗan Isa, a tsallaka Jibiya, a shiga Katsina, tafiya ce ta 'yan sa'o'i, don haka malami yakan gudu duk ƙarshen mako, alhali a ranakun ne ake yawan ɗaura aure da ziyara. Wanda ba a gani ranar Asabar da Lahadi, ba za a saba da shi ranar Litinin ba.

Ka kuma saba da zolaya. Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu abu ne da muke ji da shi a Nijar, har UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Na taɓa zama da wani malami Bayarabe da Gobirawan Tibiri suka riƙa tsokana, da ya gane cewa taubasantaka ce ya fara ramawa, sai ga shi ya fi mu shiga gidajensu. Idan kuma lokacin kokowa ya zo, ka je fili ka zauna cikin jama'a. Gasar takobi ta ƙasa tun 1975 ake yin ta, jihohi suna karɓar baƙuncinta bi da bi, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin a Tawa. Baƙon da ya san wannan, ya kuma san sunayen 'yan kokowar jiharmu na yanzu, ba zai rasa abin faɗa a kowace fada ba.

Malami daga Sakkwato

Baba ya faɗi gaskiya game da gudu gida, domin ni ma sai da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019 na fara zama a gari a ƙarshen mako, kuma a lokacin ne na san maƙwabtana. Amma ina ganin akwai abin da fada da gidan kallo ba sa magancewa. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare kowa yakan tashi ya shiga wurin iyalinsa, kai kuma ka koma ɗakin da ba mai ce maka sannu da zuwa. Tambayata ga waɗanda suka kawo iyali ita ce, shin hakan ya sauƙaƙa, ko kaɗaicin ne kawai ya koma kan matar?

Malama daga Jos

Malam, ya danganta da gidan da ka sauke ta. Na ga matar wani abokin aikinmu da aka kama wa gida mai katanga a bayan gari, ba ta cika shekara ba ta matsa sai an mayar da ita. Na kuma ga wadda aka sauke a gidan haya na mutane da yawa, yanzu ita ce take riƙe da kuɗin adashinmu, mijin ma ta dalilinta ake gayyatarsa suna. Idan za ka kawo ta, ka kawo ta bayan an koma makaranta, lokacin da kai ma kana gari, ka kuma fara kai ta ta gaida uwar gidan mai gidanku da matan 'yan fadarku tun a makon farko. Batun makarantar yara kuwa sai kun zauna kun yanke shawara tun da wuri, domin yawancin makarantun firamare a nan da Faransanci suke koyarwa, kuma yaron da ya fara a can gida yakan sha wuya a shekarar farko.