Motar Farko: Abin da Tsofaffin Direbobi Suka Ce

Kusan bakinsu ya zo ɗaya: wanda bai daɗe da karɓar lasisi ba ya fara da ƙaramar mota ta hannu, wadda kayan gyaranta ba sa wahalar samu, irin su Toyota Corolla ko Honda Civic. Dalili kuwa, sai ka goge ta a bango ko wajen fakin kafin hannunka ya faɗa, gara tsohuwar ta sha.

An fi daɗewa ana magana kan duba mota kafin a saya. Tafi da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, kuma a tayar da injin yana sanyi. Buɗe murfin man inji: in ka ga wani abu fari-fari kamar madara, wataƙila ruwa na shiga mai, ka yi hattara. Lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ya fara da DOT a gefen taya mako ne da shekarar da aka ƙera ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Lambar jikin mota, wato ta chassis, ma ta dace da ta takardu.

Kan giyar hannu ko otomatik an yi ta ja-in-ja, ni dai ban ga wanda ya kayar da wani ba. Sannan kada ka ƙarar da kuɗinka a saye. Inshora, mai da gyaran farko suna jiranka.