Wai rubutu kafin kwanciya yana kawo barci?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salam jama'a. Wata biyu ke nan in na kwanta ido ƙyar sai ƙarfe 2, kaina sai lissafin shago da kuɗin makarantar yara da bashin da nake bin mutane, ga asuba ba ta jira. Ƙanwata ta ce in riƙa rubuta abin da ke raina a littafi kafin in kwanta, ni dai abin ya min kama da aikin 'yan firamare. Akwai wanda ya gwada?

'Yar Daura:
Wa'alaikumus salam. Ni ina yi yaya, kuma wallahi ya min amfani. Bayan isha'i nake ɗaukar ƙaramin littafi da biro, minti 10, in rubuta abin da ya dame ni yau sannan abin da zan yi gobe ɗaya bayan ɗaya, don ƙwaƙwalwa tana ta maimaita abu ne saboda kar ta manta, in ya hau takarda sai ta sake shi. Amma kar ka rubuta a waya, hasken sikirin yana korar barci, kuma ƙarshe a WhatsApp za ka tsinci kanka. Ka ɓoye littafin fa, yara ba su da kirki.

Malamin Gobarau:
Alhaji shayi nawa kake sha da dare? Shi da goro duk akwai sinadarin kafeyin mai hana barci a ciki, yana awa 5 ko fiye a jiki. Ka rage tun la'asar, ka yi rubutun, ka karanta Tabaraka da Ayatul Kursiyyu.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Kai malam ka kama ni, kofi biyu nake sha wajen mai shayi bayan na rufe shago. Yau zan sayo littafin.