Woofer, subwoofer, tweeter da crossover: me za mu kira su da Hausa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum jama'a. Ana shirya bayani da Hausa kan yadda mutum zai zaɓi lasifika, ko ta kan tebur da ake haɗawa da kwamfuta, ko ta falo don kallon fim. Lasifika da amfilifaya ba su ba da wahala ba, sun daɗe da zama 'yan gida. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmomi huɗu: woofer, subwoofer, tweeter da crossover. A baki ana cewa "wufa", amma wufar ta zama jakar magori, duk akwatin da ya yi ƙara wufa ne. Mai saye kuwa yana bukatar ya bambance su. Masana a taimaka.

Injiniyan Sauti:
Wa alaikumus salam. Kafin a raɗa suna a ga jaririn tukuna. Sauti kaɗawar iska ne, ana ƙirga sau nawa take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, shi ne Hz ɗin da ake gani a jikin kwali. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000, yana raguwa daga sama in shekaru sun ja. Abu guda ba ya iya fitar da wannan zango duka da kyau. Sauti mai kauri yana son faffaɗan kwano da zai tura iska mai yawa, yana gaba yana baya. Siririn sauti yana son abu mara nauyi da zai kaɗa sau dubbai a daƙiƙa. Shi ya sa aka raba aikin.

Tweeter shi ne ɗan ƙaramin nan mai kamar maɓallin riga, galibi inci 1, yana ɗaukar aiki daga wajen 2,000 ko 3,000 zuwa sama. Woofer shi ne kwanon da ke ƙarƙashinsa, inci 4 zuwa 8, yana riƙe abin da ke ƙasa da haka. Subwoofer akwati ne daban, yawanci da nasa amfilifaya a ciki, kwanonsa inci 8 zuwa 15, aikinsa daga wajen 80 ya gangara zuwa 30 ko 20. Crossover shi ne mai raba musu.

Ɗalibi:
Na karanta cewa a Turanci woof kukan kare ne, tweet kuma kukan tsuntsu. Me zai hana mu bi sahu, mu ce "mai haushi" da "mai tsuwwa"? Ko a bar su wufa da tuwita kawai.

Malamar Hausa:
Ɗalibi, asalin da ka faɗa haka yake, amma ka rubuta "lasifika mai haushi" ka ba wani ya karanta. A rubuce haushin kare da jin haushi ɗaya suke, zai ɗauka lasifikar ce ke ɓata wa mutum rai. Tsuwwa kuma aibi ce, ba wanda zai ba da kuɗinsa don abin da ke tsuwwa. Tuwita ta riga ta yi mai ita, ko bayan an sauya wa dandalin suna mutane ba su daina faɗa ba.

Ba sai mun aro hoton wasu ba. Hausa ta riga ta raba murya: akwai mai kauri, akwai siririya, akwai mai kaifi. Ina kuma jan kunne kan "sautin ƙasa" da "sautin sama" da wasu ke rubutawa. In ka ce wa mutum ya yi ƙasa da sauti, rage ƙara zai yi. Kauri da kaifi ba sa rikicewa da yawan ƙara. Haka ma "mita" da ake sawa a madadin yawan kaɗawa: a bayanin da za a ce a ajiye lasifika mita ɗaya daga bango, kalma ɗaya ta yi aiki biyu a jimla ɗaya, an kashe mai karatu. A bar mita ga awon tsawo, a ce kaɗawa.

Shawarata: tweeter ya zama "ɗan kaifi", woofer "kwanon kauri", subwoofer "akwatin rugugi". Rugugi shi ne wannan amon hadari daga nesa, wanda ƙirji ke ji kafin kunne ya tantance.

Injiniyan Sauti:
Ranki ya daɗe, ɗan kaifi ya zauna daram. Rugugi ne nake ɗan jin tsoro, ba don kalmar ba daidai ba ce, sai don abin da za ta koya wa mutane. Babban kuskuren masu wannan akwati shi ne su murɗe shi har taga ta riƙa karkarwa, maganar 'yan fim ta nutse. Wanda aka saita daidai ba a ma lura da shi sai an kashe shi, a ji kamar an zare wa sautin ƙasan ƙafa. Na so a ce "akwatin tushe".

Ga dalilin da ya sa ake iya ajiye shi a gefe. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. A 80 Hz tsawon kaɗawa ɗaya ya kai mita 4.3, ya fi faɗin kan mutum nesa ba kusa ba, don haka kunnuwa biyu ba sa iya gane daga ina yake zuwa. Shi ya sa 80 ta zama lambar da aka fi farawa da ita, ita ce kuma THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idar sautin fim, ya tsayar. In ka rufe ido ka iya nuna inda akwatin yake da yatsa, ɗayan biyu ne: ko an ɗaga lambar ta wuce 100 zuwa 120, ko an ba shi ƙara fiye da kima.

Kuma ɗaki yana da nasa bakin. Tsakanin bango biyu masu nisan mita 4, sautin da ke wajen 43 Hz yana taruwa: a raba 343 da ninkin tsawon, wato 8. Kusa da bango zai kumbura, a tsakiyar ɗakin ya kusa ɓacewa. Mutum ya zauna a tsakiya ya ce akwatin ba shi da ƙarfi, alhali na ɗakin gaba sun kasa barci. Maganin ba sai da kuɗi ba. A ɗora akwatin a kan kujerar da ake zama, a sa waƙa mai kauri da ke maimaituwa, a bi gefen bango a durƙushe ana saurare. Inda aka ji kaurin ya fito sumul, kowane bugu daban, ba wani da ya danne wani, nan za a ajiye shi. Lungu yana ƙara ƙarfi amma yakan kumbura sautin. Daga nan a gwada makunnin nan mai 0 da 180, a bar shi a inda kaurin ya fi cika a wurin zama.

Malamar Hausa:
Injiniya, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka ce wa mutum "akwatin tushe" ka ga ko zai san na sauti ne. Suna ba ya ɗaukar darasi duka. Aikinsa ya sa a gane abin daga ji ɗaya, darasin kuma ya biyo a jimla ta gaba. Ko a fim ai rugugin ne aikinsa na fili: fashewa, tsawa, saukar jirgi.

Injiniyan Sauti:
Na sallama, musamman da kika kawo fim. A tsarin 5.1, wato lasifika biyar da akwatin rugugi ɗaya, wannan ɗigo ɗaya hanya ce ta musamman da aka ware wa irin waɗannan sautuka, ba ta wuce 120 Hz, kuma ana kunna ta da ƙarin desibel 10 kan sauran, desibel (dB) shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. To rugugi ne tsantsa. Sharaɗina ɗaya, Malam Mai Fassara: duk inda aka fara ambaton akwatin rugugi a rubuta cewa ba a son a ji daga ina yake.

Mai Gyaran Amfilifaya:
Ni a kan crossover zan tsoma baki. In aka buɗe lasifikar da ba ta da amfilifaya a ciki, za a tarar da ɗan allo mai kafasita da koyil da resista. Kafasita tana hana kauri isa ga ɗan kaifi, koyil yana hana kaifi isa ga kwano. Ba don allon nan ba, kauri zai ƙone ɗan kaifin nan take, domin wayarsa siririya ce kamar gashi. Wannan ai rariya ce.

Af, tun da an zo nan: ba babban amfilifaya kaɗai ke ƙone ɗan kaifi ba, ƙarami ma yana kashe shi in aka murɗe shi ya wuce ƙarfinsa. Sautin ya yanke daga sama, ya koma kaushi, wani ɓangare na kaushin nan kuma wajen ɗan kaifi yake tafiya. Da an ji sauti ya fara yagewa a rage. Kuma kada a ruɗu da lambar PMPO, wato wat ɗin talla da ake bugawa da manyan haruffa, a nemi wat na RMS, ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a kai a kai. Ninka wat desibel 3 kawai yake ƙarawa, don haka lasifikar da aka rubuta mata 88 dB, wato ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya, tana yin da wat 25 abin da mai 85 ke yi da wat 50.

Ɗalibi:
Ni da na ji crossover, mararraba ce ta faɗo mini, inda hanya ta rabu biyu.

Injiniyan Sauti:
Ku biyun kun yi daidai, don Turancin ne ya haɗa abu biyu a kalma ɗaya. Akwai na'urar da ke rabon, akwai kuma lambar da rabon ke faruwa a kanta. Na'urar rariya ce, kuma hoton ya dace fiye da yadda ake zato, domin ba katanga ba ce da ke yanke sauti ƙaf. A hankali take ragewa, desibel 12 ko 24 duk lokacin da kaɗawa ta ninka ko ta rabu biyu, wani abu yana tsallakewa. Lambar kuwa mararraba ce. Sai a rubuta: "Sa mararraba a 80." A risiba ta falo, wato amfilifayar da ke raba sauti ga lasifikun fim, a zaɓi Small ga duk lasifikun ko da suna da ɗan girma. Ma'anarsa kawai a tura abin da ke ƙasa da mararraba zuwa akwatin rugugi, kwanonin su huta, magana ta fito tas. In lasifikun ƙanana ne masu kwanon inci 3, a ɗaga mararraba zuwa 100 ko 120, a kuma matso da akwatin gaba kusa da talabijin.

Malamar Hausa:
Rariya da mararraba, na sa hannu. A rubuta "rariyar sauti" a karon farko.

Mai Fassara:
Madalla. Saura na kan tebur, waɗanda ake kira nearfield, da kuma soundbar.

Injiniyan Sauti:
"Lasifikar kusa" ta wadatar, an yi ta ne don a ji ta daga wajen mita ɗaya. A tebur kwanon inci 4 ko 5 ya isa. Mai inci 5 yakan sauka zuwa wajen 50 ko 60 Hz, inci 8 kuma a ƙaramin ɗaki matsala yake jawowa. Nisan da ke tsakanin lasifikun biyu ya yi daidai da nisan kowace zuwa kanka, a karkato su su dubi kunnuwa, ɗan kaifi ya zo daidai tsayin kunne domin kaifi a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Kada a ajiye su kai tsaye a kan katako: teburin zai kama kaɗawa, kuma sautin da ya daki fuskarsa ya taso zai gauraya da na asali. A ɗaga su da ƙafa ko soso mai tauri.

Ramin nan da ke bayan akwati ko gabansa, ina ganin "hanci" za a ce, ta nan yake numfashi. In hancin a baya yake a bar aƙalla santimita 15 zuwa 20 daga bango. Abin da mutane ba su sani ba, tazarar mita ɗaya cif tana da nata aibin: sautin da ya dawo daga bango yana soke wanda ke wajen 86 Hz, a ji kaurin ya rame. Gara kusa da bango a rage kauri da makunnin baya.

Soundbar kuwa "sandar sauti", ba gardama. A haɗa ta da ramin HDMI mai rubutun ARC ko eARC. Bluetooth yakan makara da kusan kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa, baki ya motsa kafin magana ta iso. Wanda kuma zai haɗa lasifiku biyar ɗin na 5.1, ya fi ba wa ta tsakiya muhimmanci, yawancin maganar fim daga ita take fita. Na gaba biyu a kusurwar digiri 30 hagu da dama, na kewaye a wajen 110, ɗan bayan kafaɗa.

Mai Gyaran Amfilifaya:
A ƙara da wannan a bayanin: in an sayi sababbi aka ji ba kauri, murya kuma ba ta tsaya a tsakiya ba, a duba waya kafin a zargi kaya. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi. In aka juya ta gefe ɗaya, kwano ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna cinye juna.

Amma ni "kwanon kauri" bai kwanta mini ba. A akwati mai kwano ɗaya da ɗan kaifi ɗaya, kwanon nan shi ke ɗauke da mafi yawan muryar mutum, har wajen 2,000. Ba kauri kaɗai yake yi ba. Me zai hana a ce "uwar lasifika"?

Malamar Hausa:
Malam, uwa tana neman 'ya, "'yar lasifika" kuwa kowa zai ɗauka ƙaramar lasifika ake nufi. A bar shi "kwano" kawai in shi kaɗai ne. In akwatin mai hawa uku ne, sai a ce kwanon kauri, kwanon murya, ɗan kaifi.

Injiniyan Sauti:
Kwanon murya ya yi, sai dai a kula kada a rikita shi da lasifikar tsakiya ta 5.1, wadda ita ma aikinta murya ne. Ita akwati ce sukutum, da nata kwanoni da ɗan kaifi da rariya. A bar mata sunanta na tsakiya.